Bushiya da Burgu a Bakin Igiya

An yi wani gida a ƙarshen gari, wanda aka shuka wa ciyawar kiri-kiri a tsakar gida, ta shimfiɗu kore shar kamar sabuwar darduma. Mai gidan, Malam Barau, tsohon mai kula da lambu ne, kuma ba abin da yake so kamar ya ga bakin ciyawar nan ya miƙe sak. In zai gyara shi, sai ya kafa turaku uku, ɗaya nan, ɗaya can, ɗaya a tsakiya, ya ɗaure igiya a jikinsu. Sannan ya ɗauki fartanya ya bi igiyar. Duk abin da ya tsallake ta ya nufi hanya, ya sare shi.

Rannan Malam Barau ya kwanta, bai tashi ba. Matarsa, Goggo Atine, ta shiga takaba. Fartanya ta yi tsatsa a bayan ƙofa. Damina ta sauka, ita kuwa kiri-kiri da ta ga babu mai tsawata mata, sai ta miƙe ƙafa ta haye hanya, ta yi tsawo, ta yi duhu.

A cikin wannan duhun Bushiya ta yi makwanci, ta haifi 'ya'ya uku. Ita matsoraciya ce, ko ganye ya faɗo sai ta dunƙule. Mijinta mota ta take shi a kan titi tun tana da ciki, shi ya sa ba ta da kowa sai su. Idonsu bai buɗe ba, ƙayarsu ma ba ta yi ƙwari ba, laushi gare ta kamar gashin masara.

Gaba da ita kaɗan, Burgu ya haƙa ƙaton rami. Shi kuma haɗama ce ta yi masa katutu. Da can yana da rami a gindin lemun tsami, can tsakiyar ciyawa, amma ya ce ya yi masa kaɗan. Ya dawo gefe, kusa da ɗakin ajiyar Goggo, yana kwasar gyaɗa yana jibgewa.

Na ukunsu Kadangare ne, mazaunin katanga, wanda bakinsa ba ya hutawa. Komai ya gani sai ya faɗa, abin da bai gani ba ma yakan ƙara.

Wata rana da hantsi, Bushiya tana shayar da 'ya'yanta, sai ta ji ƙasa tana amsawa, dum, dum, dum. Ta dunƙule a kansu.

"Uwar ƙaya! Uwar ƙaya!" Kadangare ne yake ƙwala kira daga katanga. "Buɗe ido ki ga ikon Allah. Goggo ta fita takaba, ga ta nan tana kafa turaku!"

"Turakun me?"

"Turakun ɗaure ki! Na igiyar Malam mana. Yau za a yi wa ciyawa aski."

Bushiya ta leƙa ta tsakanin ganye. Ga Goggo Atine tsugune, tana buga turke da dutse. Ta rame, zanenta ya yi mata yawa. Ta ja tsohuwar igiyar mijinta daga wannan turke zuwa wancan, ta ɗaure tam. Sannan ta miƙe, ta dafe ƙugu, ta dubi rana.

"Ta yi zafi," in ji ta, tana magana ita kaɗai kamar yadda ta saba tun rasuwar. "Bari in wasa fartanyar nan tukun. In an yi la'asar sai in gyara maka bakin ciyawarka, Malam."

Ta shige ɗaki.

Bushiya ta dubi igiya, ta dubi makwancinta. Igiyar ta bi ta bayanta. Ita da 'ya'yanta suna waje, ta ɓangaren da fartanya za ta ci.

Da dare ne, da ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya sani. Amma yanzu rana tsaka ce, kuma bayan igiya ciyawar gajera ce, ko ƙwaro ya gitta ana ganinsa. Can sama kuwa shirwa tana ta shawagi. Wuri ɗaya ne kawai ta san zai ɓoye su, tsohon ramin Burgu na gindin lemo.

Ta lallaɓa ta tafi ƙofar raminsa.

"Salamu alaikum, maigida Burgu."

"Ba na nan."

"Don Allah, maigida, magana ce ta rai."

Burgu ya fito da kai, kumatunsa cike, ɓawon gyaɗa manne a gemunsa. "To, na ji. Faɗi, ina da aiki."

"Ka ga igiya?"

"Ina da ido."

"Tsohon raminka na zo roƙo. Ba kowa a ciki. In sa yaran nan, ko zuwa su buɗe ido ne."

"Ba kowa a ciki?" Burgu ya haɗiye abin da ke bakinsa. "Ni ne a ciki. Ko ba na nan, ni ne a ciki. Da faratan wa aka haƙa shi? Da naki?"

"Da naka ne, ranka ya daɗe."

"To, ashe kin sani."

Kadangare ya gangaro rabin katanga, yana gyaɗa kai. "Kai, Sarkin Rowa! Kai ma fa a waje kake. Dubi igiya da kyau. Kai da gyaɗarka duk fartanya za ta yi muku sallama."

Burgu ya juya ya duba. Gaskiya ne. Turken tsakiya yana nan daf da raminsa, amma igiyar ta bar shi a waje.

"Ka kwashi abin da za ka iya, ka koma gindin lemo," in ji Bushiya a hankali. "Mu ko ɗan lungu ka ba mu ya ishe mu."

"Abin da zan iya? Sauran kuma in bar wa wa? Wa ubanki?" Ya fito gaba ɗaya, yana zagaya turken, yana shinshina gindinsa. Ƙasar da laima, don an yi ruwa kwanan nan. Can sai ya tsaya, idonsa ya yi ƙyalli.

"Ke, zo nan. Goggo ba igiya take bi ba? Abin da ke cikin igiya ba ta taɓa shi?"

"Haka Malam yake yi."

"To, ba ni zan koma bayan igiya ba. Igiya ce za ta zagayo ta bayana. Zan tone gindin turken nan ta ɓangaren hanya, ke kuma ki tura da bayanki har ya kwanto. In ramin nan nawa ya shiga ciki, na ba ki na gindin lemo."

"Ka ba ni?"

"Na ce na ba ki. Sai na rantse?"

Bushiya ba ta so ba. Zuciyarta tana gaya mata taɓa kayan mutane ba alheri ba ne. Amma ta tuna bakunan nan uku masu neman nono a makance, sai ta ce, "To."

Burgu ya shiga tono, ƙasa tana tashi ta bayansa. Bushiya ta kafa baya a jikin turke tana turawa. Turken bai ko motsa ba.

"Tura mana! Ba ki ci abinci ba ne?"

"Ina turawa."

"Wannan turawa ce ko susa?"

Daga cikin gida suna jin ƙarar fartanya a kan dutse, shuu, shuu, shuu. Goggo tana wasa ta. Duk jan da ta yi, sai Bushiya ta ji kamar a kan ƙashinta ake gogawa.

Aka kira azahar suna nan. Inuwar katanga ta fara miƙowa. Ƙayoyin bayan Bushiya suka kakkarye. Sai can turken ya yi ɗan ƙara, ya karkata, ya kwanto wajen hanya. Igiya ta biyo shi, ta yi ciki kamar baka, ta zagaye ramin Burgu tsaf.

Burgu ya yi tsalle. "Kun gani? Kun ga kai? Ni da kayana mun shiga ciki!"

Bushiya ta duba wajen makwancinta. Yana can kusa da turken farko, inda igiyar ba ta gusa ba ko kaɗan. Har yanzu a waje yake.

"To, maigida, bari in fara kai su."

"Ina?"

"Gindin lemo."

Burgu ya kakkaɓe ƙasar jikinsa. "Af. Na sake tunani. Kin ga an kusa cire sabuwar gyaɗa. In ta zo, ina zan zuba? Ramin nan ina da bukatarsa."

"Ka ce ka ba ni!"

"Na ce. Yanzu kuma na ce ban ba ki ba. Duka bakina ne. In na ga ƙafarki a ƙofar ramin nan, ke da 'ya'yan naki sai na watso ku waje."

"Allah ya isa!" Kadangare ya yi ihu. "Kai ko kunya ba ka ji? Baiwar Allah ta karya bayanta a kanka!"

"Kai kuma sauko ka faɗa mini a nan."

"Ba zan sauko ba. Daga nan ma kana ji."

Burgu ya shige rami, ya toshe ƙofa da ganye.

Bushiya ta tsaya cak. Rana ta riga ta juya. Duk lokacin da ya kamata ta yi jigilar 'ya'yanta ta ƙarar da shi a gindin turken wani.

"Uwar ƙaya," in ji Kadangare, muryarsa ta sauka. "Tsayuwa ba taki ba ce. Akwai busasshen ganye jibge a bayan lemon, tsakanin saiwoyi. Ba rami ba ne, amma ya fi bakin fartanya. Ki ɗauko su. Ni zan duba miki sama. In na ce kwanta, ki kwanta."

"Kai da ba ka iya yin shiru ba?"

"Yau ai ba shiru ake nema ba."

Ta ruga makwanci, ta ɗauki na fari a baki, ta bi ta ƙarƙashin igiya ta fito fili. Hasken ya kashe mata ido. Ba ta taɓa jin duniya ta yi faɗi haka ba. Ta yi ta sauri, ɗan yana lilo a bakinta, har ta kai gindin lemo, ta cusa shi cikin ganye.

Ta dawo ta ɗauki na biyu. Tana tsakiyar fili sai Kadangare ya tsala ihu.

"Kwanta! Kwanta!"

Ta dunƙule da ɗan a cikinta. Wata inuwa ta share ciyawa, iska ta bugi bayanta, farata suka karci ƙayarta suka wuce. Shirwa ta yi sama tana kuka, ta sake zagayowa. Bushiya tana jin zuciyar ɗan tana bugawa a jikin tata, ƙanana-ƙanana, da sauri.

"Kar ki motsa. Tana nan. Tana nan dai. Shegiya, ta sauka a kan rufi tana kallon ki."

Haka ta kwanta a rana, ba motsi, ƙasa tana gasa mata ciki. Ta daɗe har ta fara jin jiri. Tana nan kwance ta ji an kira la'asar.

"Ta tashi! Ruga!"

Ta ruga. Ta ajiye na biyu kusa da ɗan'uwansa, ta juyo. Sai ta ji ƙarar ƙofa.

Goggo Atine ta fito, fartanya a hannu, bakin fartanyar yana walƙiya. Ta nufi turken farko, ta yi bisimilla, ta duƙa.

Kaf. Kaf. Kaf.

Ciyawa tana zubewa, jar ƙasa tana bayyana. Tsakanin fartanya da makwancin bai fi tsawon tabarma ba, kuma autan yana ciki.

"Kar ki je!" in ji Kadangare. "Kin tsira da biyu. Uwar ƙaya, kar ki je, za ta raba ki biyu!"

Bushiya ba ta ji shi ba. Ita da ganye ke firgita, ta ratsa fili a guje, ta kutsa ƙarƙashin igiya, ta faɗa makwanci. Autan yana ta juyi yana neman ɗumin 'yan'uwansa. Ta kai baki za ta ɗauke shi, sai ƙasa ta girgiza, ɓurɓushi ya zubo musu. Ƙafar Goggo tana nan daf, har tana ganin faso a diddigenta. In ta fita yanzu, cikin bakin fartanya za ta fita.

Ta rungume shi, ta dunƙule, ta rufe ido.

Kaf.

Saiwar da ta tokare bangon makwancin ta tsinke.

Kaf.

Haske ya shigo.

Sai shiru.

Bushiya ta jira saran da zai biyo baya, bai zo ba. Ta buɗe ido ɗaya. Goggo ta miƙe tana dafe da baya, ta kanne ido tana bin igiya da kallo, yadda ta sha ganin mijinta yana yi.

"A'a," in ji Goggo. "Wannan kuma fa? Ni dai a miƙe na ɗaure ta. Malam, da kana nan ai da ka yi mini dariya. Wannan layi kamar hanyar maye."

Ta saɓa fartanya, ta bar wurin, ta nufi turken tsakiya don ta gyara shi.

Tana isa ta tsaya. Ga sabuwar ƙasa an tone a gindin turke. Ga sawun farata. Ga ɓawon gyaɗa warwatse. Ta sa ƙafa ta ture ganyen da ke wurin, sai ga baki na rami, ƙato.

Ta tsuguna ta ɗauki ɓawo ɗaya, ta juya shi a tafin hannunta. Ta daɗe tana kallonsa.

"Gyaɗar iri," ta ce. "Wadda ya zaɓa da hannunsa, ya ce a ajiye. Na yi ta zargin kaina, na ce ko ni na bayar na manta. Ashe kai ne."

Ta ɗaga fartanya da hannu biyu.

Saran farko ya buɗe rufin ramin. Na biyu ya fasa rumbun, gyaɗa ta gangaro waje kamar tsakuwa. Burgu ya yi tsalle ya fito, ya yi wajen katanga, inda rariyar ruwa take. Da ya wuce kai tsaye, da ya tsira lafiya lau.

Amma ya waiwayo. Ya ga gyaɗarsa zube a fili.

"Kai, gudu!" Kadangare ya yi masa ihu. "Mahaukaci, gudu!"

"Kayana!"

Ya dawo a guje ta tsakanin ƙafafun Goggo, ya cika kumatun dama, ya cika na hagu, har kansa ya zama kamar tulu. Sannan ya koma rariya ya cusa kai. Kai ya ƙi shiga. Ya ja baya, ya sake turawa, ƙafafunsa suna ta harbin iska.

"Tofar!" in ji Kadangare. "Tofar da ita ka wuce!"

Burgu ya ƙi buɗe baki. Sai da ya ji fartanya ta sauka a bayansa ta datse masa rabin wutsiya, sannan ya yi ƙara, gyaɗar ta watse, ya sulale ta rariya ya faɗa kwatar waje. Bai fita da ko ƙwaya ɗaya ba. Karnukan unguwa suka gan shi, suka rufa masa baya har bola.

Duk wannan Bushiya ba ta tsaya kallo ba. Tun saran farko ta ɗauki autanta, ta bi ta ƙarƙashin igiya. Amma ƙarfinta ya ƙare. Tafiya take tana tangaɗi, tana ajiye shi tana sake ɗauka.

Tana tsakiyar fili inuwa ta rufe ta. Ba shirwa ba ce. Goggo ce tsaye a kanta, da fartanya a hannu, da gyaɗa ƙulle a bakin zane.

Bushiya ta so ta dunƙule, amma ɗan yana bakinta, kuma ba ta da sauran ƙarfin sakinsa. Ta tsaya kawai, tana kallon sama.

Goggo ta dube ta. Ta dubi ɗan abin da ke lilo a bakinta, ja-ja, ido a rufe. Ta waiwaya ta dubi inda ta tsaya da sara, ta ga ɗan makwancin ciyawa a buɗe, saura kaɗan.

Ta sauke fartanya ƙasa a hankali, don kada ta yi ƙara. Ta ja da baya.

"Wuce, baiwar Allah," ta ce. "Wuce da abinki."

Bushiya ta wuce. Ta isa gindin lemo, ta ajiye shi, ta shinshina su ɗaya bayan ɗaya. Duk suna numfashi. Ta kwanta a kansu, su kuwa suka lalubi nono suka kama kamar ba abin da ya faru.

"To, ba godiya?" in ji Kadangare daga reshe. "Maƙogwarona ya bushe saboda ke."

"Na gode, Yaya."

"Yaya? Yau kuma ni ne Yaya? Bari in je in gaya wa 'yan katangar baya, ba za su yarda ba."

Goggo ta miƙar da turken, ta ja igiya ta ɗaure, ta ci gaba da sara. Kafin rana ta faɗi, bakin ciyawa ya miƙe sak daga wannan turke zuwa wancan, ƙamshin sabuwar ƙasa ya cika gidan.

Darasin wannan labari shi ne, mai haɗama da hannunsa yake nuna inda ya ɓoye kayansa. Da Burgu ya haƙura da abin da zai iya ɗauka, ya ba maƙwabciyarsa ɗan lungu, da ya kwana da abinci da wutsiyarsa. Ya ce sai duka, har ya karkatar da iyakar da ba shi ya kafa ba, karkatar nan kuwa ita ta jawo ido kansa. Ku kuma yara, in wani ya zo muku a firgice yana neman wurin da zai ajiye abin da yake ƙauna, kada ku sa shi aiki tukun, kada ku yi masa alkawarin da ba za ku cika ba. Ku gusa kawai ku ba shi wuri ya shiga.